Zoben Ƙarshe a Wuyan Keke

"Digiri, ashe kana raye? Na ɗauka zaman banza ya gama da kai."

Da haka ya tare ni a ƙofar gidanmu, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a kan feda, ya miƙo mini hannu. Na ba shi nawa ina cije leɓe, don na san abin da ke biyo baya. Tun muna yara ɗan kawuna ba ya gaisawa da ni sai ya matse mini yatsu har sun yi ƙara, ni in zage shi, shi ya yi dariya. Gaisuwarmu ke nan. Ranar kuwa na jira matsar, ba ta zo ba. Yatsu uku ne suka kama ni. Ƙaramin da na kusa da shi suka kwanta a tafina kamar na aro. Na dubi fuskarsa na ga iyakar ƙarfinsa ya sa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Sai na yi ƙarar ƙarya, na fizge hannuna ina yarfewa, na kira shi azzalumi kamar kullum. 

Na san irin wannan hannun. Mahaifinsa, wan mahaifiyata, tela ne, kuma da almakashi abin ya fara masa. Wata rana ya kasa buɗe shi, ya ce almakashin ne ya yi tsatsa, aka sayo sabo. Daga baya maɓallin riga ya gagare shi, sannan cokali, sannan haɗiya. Lokacin na gama jami'a ban sami aiki ba, ni ne mai sarari a dangi, don haka ni na zauna da Kawu har ƙarshe. Ba a daɗe da rasuwarsa ba. Har yanzu idan na ga mutum na fama da maɓalli sai in kau da kai.

Matsalar ita ce ni da ɗansa ba mu da bakin da za mu yi irin wannan maganar. Abokin wasana ne, ɗan namiji da ɗan mace, ban taɓa gaya masa kalma mai nauyi ba. Ko ranar da muka dawo daga binne mahaifinsa, abin da na iya ce masa shi ne ya sa rigarsa a bai-bai. Ya ce ai gara shi yana da rigar kansa. Ta'aziyyar da muka yi wa juna ke nan.

Bunsuru nake ce masa, saboda aikinsa a kan duwatsu yake. Shi ke duba bututun da ya taso daga madatsar ruwa a can sama ya gangaro cikin gari, yana neman inda ke yoyo. Hanyar ba ta mota ba ce, sai keken hawan dutse mai kaurin taya da tarin giya. Kullum sai ya hau, kullum sai ya sauko, kuma gangarar da birki ake sauko ta, birki kuwa da yatsu ake kama shi.

Ya ce in sa takalmi in raka shi wurin mai gyara, tunda ba ni da ofis ɗin da zai yi kewata. Kan keke zai saya, wato ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa, irin mai lanƙwasa sama, yana son wanda zai riƙe masa keken. Sai a lokacin na dubi keken da kyau. Kan ya tashi sama da sirdi nesa. Ƙananan zobban nan na ƙarfe da ake jerawa a wuyan keke, waɗanda a da rabinsu ke sama rabinsu ke ƙasa, duk sun koma ƙasa sun tokare kan. Ko ɗaya bai rage a sama ba.

Muka kama hanya yana tura keken, ni ina gefensa na dama ina satar kallon hannunsa.

"Wannan keke ne ko raƙumi? Da na hango ka na ɗauka shanya ka ɗauko."

"Me ka sani a keke? Kai da ko baro aka ba ka sai ka nemi littafinsa."

"Na san dai bunsuru ƙahonsa a kansa yake. Kai naka ya wuce kanka."

"Ɗaga kai ai gadonmu ne, mu 'ya'yan maza. Ku ne aka sani da sunkuyawa, kuna neman aiki a ƙasa ko wani ya yar."

Na nuna masa gwiwar hannunsa, inda fata ta saɓule ta fara yin ɓawo, na tambaye shi ko ita ma gadon ce. Ya ce tsakuwa ce ta gaishe shi a wata kwana, tayar gaba ta zame ba sallama. Na ce a iya sanina shekara da shekaru yana shan wannan kwanar ba ta taɓa gaishe shi ba. Ya yi tsaki, ya tsayar da keken a bakin wani shago da ke rufe, ya ce bari ya ba ni karatun da ba a ba ni ba a can inda aka cinye wa Gwaggonsa, mahaifiyata, dukiya.

Ya danna kan keken da tafinsa. Ya ce idan kai yana ƙasa, ƙirjinka na rinjaya gaba, nauyinka ya sauka a kan tayar gaba, ita kuma ta ciji ƙasa. Kwana ko ta tsakuwa ce za ka sha ta, a hawa kuma gaban ba ya ɗagawa yana leƙe-leƙe. Sai dai duk wannan nauyin a tafin hannu yake ƙarewa, kuma a gangara mai tsanani sai ka ji kamar za a tuntsurar da kai ta saman taya. Idan ka ɗaga kan, ka zauna a miƙe, gangara ta daina yi maka barazana, hannu ya huta.

"To ina laifin?" na ce.

"Laifin shi ne tayar gaba ta zama kamar kai a gidanku. Tana nan, ana ganinta, amma ba ta ɗauke da komai. Abu kaɗan sai ta zame."

"Kuma shi ne za ka ƙara ɗaga shi."

"Hannu nake son ya huta."

 Ya ja keken muka ci gaba. Na so in ce wani abu, na laluba bakina ban sami komai ba sai zagi, don haka na ce masa warin da yake yi ne ya sa aka rufe shagon. Ya ce masu shagon sun hango ni ne suka san ba ciniki.

Wurin mai gyara rumfar kwano ce a bayan tashar mota. Tayoyi a rataye a ƙusa, tsofaffin kaca a tare a gefe guda, ga kwanon ruwa da ya yi baƙi wanda ake nutsa tub a ciki don neman huji. Mai gyaran ya shiga ciki ya fito da kan keke mai lanƙwasa, ya kara shi a jikin na Bunsuru, ya karkata kai. Ya ce shi dai abin da mai keke ya ce shi yake yi, amma wayar birkin ba za ta kai ba, ta riga ta miƙe tun ɗagawar baya. Ya ce mu jira shi ya leƙa wurin maƙwabcinsa ko yana da doguwa. Ya goge hannu a wando ya tafi, ya bar mu da rediyonsa tana ta shiii ba tasha.

Bunsuru bai iya zama haka nan ba. Ya ɗauki sifana ya ce in riƙe masa tayar gaba tsakanin gwiwoyina, ko banza in taɓa yin aikin ƙarfi sau ɗaya kafin in mutu. Na riƙe. Ya sa sifanar a kan notin wuya ya murɗa. Notin bai motsa ba. Ya gyara tsayuwa ya sake murɗawa, sai sifanar ta sulɓe daga hannunsa ta faɗa cikin kwanon ruwan, ta fantsama mana baƙin ruwa a ƙafa.

Babu wanda ya sunkuya. Muka tsaya muna kallon ruwan har ya daina motsi. Ni na tsoma hannu na ciro ta, na goge a tsumma, ban miƙa masa ba.

"Mai ne a jikinta," in ji shi.

"Mai ne," na ce.

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya ɗora hannun a cinya yana kallonsa kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ihun da na yi ɗazu a ƙofar gida bai yi kyau ba, in da wasan kwaikwayo na karanta da an kore ni. Na ce ai tausayinsa na ji, kada a ce ɗan namiji ya kasa ɗan mace. Ya ce ya gode da sadaka.

Daga nan ya fara magana da wuyan keken, ba da ni ba. Ya ce yatsun biyu sun fara ne da yin sanyi idan ya sauko daga dutse, kamar ya kwana a kansu. Wani abokin aikinsa ya ce masa nauyi ne ya yi wa hannun yawa, ya ɗaga kai. Ya cire zobe ɗaya daga sama ya mayar ƙasa, ya ce bari ya ba shi lokaci. Da lokacin ya wuce ba sauyi, ya ƙara wani. Bai taɓa ɗagawa gaba ɗaya ba, ko da yake aikin ɗan lokaci ne. Ɗaya bayan ɗaya yake yi, yana jan abin.

"Na ƙarshen na daɗe ina kallonsa a sama ban taɓa shi ba," ya ce. "Muddin yana nan, laifin keken ne. Da na sa shi, sai na faɗi a kwana, yatsun kuma ba su dawo ba."

"Shi ya sa za ka sayi sabon kai."

"Shi ma zai ba ni ɗan lokaci."

"In ya ƙare fa? Tsani za ka ɗaura?"

Ya yi murmushin gefen baki. Ya ce ko tsanin ne, ya fi zuwa inda za a tambaye shi me ya kashe ubansa.

 Na tuna yadda Kawu ya ƙi zuwa asibiti yana ta sauya almakashi, mu kuma muna tayawa da cewa na yanzu ba su da ƙwari. Ban san ko zuwa da wuri zai hana komai ba. Na dai san gobe da safe wannan mutumin zai hau keken da tayarsa ta gaba ba ta riƙe ƙasa, da yatsun da ba sa riƙe birki, ya fuskanci gangara shi kaɗai. Na so in ce masa ina tsoro. Kalmar ta zo har maƙogwaro, ta ga wanda za a gaya wa, ta koma.

Sai na tsaya a gabansa na riƙe ƙugu, na ce da alama ya manta matsayinsa. Na ce duk abin da ɗan Kawu ya mallaka nawa ne, tun daga hular kansa har igiyar takalminsa, kowa ya san haka. Ya ce a wace kotu. Na ce a kotun da ta ba shi ikon cinye mini nama a kwano tun muna yara.

"Hannun nan ma nawa ne," na ce. "Ajiya na ba ka. Da shi za ka riƙa buɗe mini ƙofar mota idan na zama babban mutum."

"Ashe hannun zai daɗe yana hutawa."

"Ba zan zuba ido makiyayin duwatsu ya lalata mini kaya ba. Gobe zan kai abina a duba. In kana so ka biyo mu, tunda a jikinka yake manne."

"In na ƙi fa?"

"In gaya wa Gwaggonka. Ta zo ta zauna a ƙofar ɗakinka tana kuka har maƙwabta su taru."

Ya ce wannan ba wasa ba ne, ta'addanci ne. Na ce ai jami'a ba a banza na je ba.

 Wata babbar mota ta wuce ta girgiza kwanon rumfar. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa, amma muryarsa ba ta rawa.

"In aka duba aka ce kayan naka ya lalace fa, Digiri? In aka ce irin na tela ne?"

"Sai in riƙe abina a haka. Na iya maɓalli, na iya cokali, na iya juya mutum a gado ba tare da ya ji zafi ba. Shi ne kaɗai aikin da aka taɓa ɗaukata, kuma ba a kore ni ba."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Na ɗauka kuka zai yi, na fara neman inda zan sa idona. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, irin mai fita da ƙyar.

"Kai za ka ba ni abinci? Ai yunwa ce za ta kashe ni kafin ciwon. Cokali ɗaya a bakina, sauran a naka."

"Kuɗin aiki ne."

"Allah ya kiyaye. Gara in je su gyara shi tun da wuri, kada in faɗa hannunka."

Mai gyara ya dawo yana kaɗa doguwar waya, ya same mu ɗaya na share ido da gefen riga, ɗaya na riƙe da sifana kamar zai yi faɗa. Bunsuru ya ba shi haƙuri ya ce a bar sabon kan. Ya ce ya kwance wuyan ya mayar da zobban inda suke tun farko, rabi sama rabi ƙasa. Mai gyaran ya ce hakan ma ya fi wa keken kyau, ya karɓi sifanarsa ya hau aiki.

Da aka gama, Bunsuru ya turo mini keken har fedar ta buge mini ƙwauri. Ya ce in kai shi gidanmu in ajiye, don in yana ɗakinsa ya san kansa, da safe zai hau. Ya ce kyauta ce ta wucin gadi, in riƙa tura shi a unguwa ko 'yan mata sa ɗauka ina da abin hawa. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in hau, wai mara nauyi irina ko an sauke kan har ƙasa tayar ba za ta san da mutum a kanta ba. Na tura keken har gida, shi yana bayana yana gaya wa masu wucewa sabon yaronsa ne, bai gama koyo ba.

Washegari muka je asibiti. Muka zauna a kan dogon benci a baranda mai warin magani, yana ta ƙorafin cewa ya nemi hutu a wurin aiki saboda ɗan mace. Likitar da ta gan shi ta sa ya ware yatsu, ta sa masa takarda tsakanin ƙaramin da na kusa da shi ta ce ya riƙe. Ta ja, takardar ta fito ba gardama. Ta ƙwanƙwasa masa gwiwar hannu da wuyan hannu, ta duba harshensa, ta sa ya taka a kan dugadugansa. Da ta ji aikinsa, ta ce akwai jijiyar da ke bi ta gefen tafi, masu daɗewa a kan keke sukan danne ta, kuma waɗannan yatsun biyu su take kashewa. Irin wannan yakan warke idan an huta. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Sannan ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa yin ciwon hannu a gidansu.

Bunsuru ya nuna ni da haɓa ya ce a tambayi wannan, shi ne magatakardan dangi. Na gaya mata komai, tun daga almakashi. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ba ta sake cewa yakan warke ba. Ta ce ba za ta yi saurin yanke magana ba, zai iya zama keken, zai iya zama wani abu, gwaji ne zai raba.

Aka kai shi wani ɗaki aka manna masa wayoyi a hannu, aka riƙa sakar masa lantarki kaɗan-kaɗan yatsun suna zabura, sannan aka soka masa siririyar allura a tsoka. Ya ce wa mai gwajin in akwai sauran wutar a sa wa na bakin ƙofa, ko ya farka ya nemi aiki. Mai gwajin ya yi dariya. Na dubi fuskarsa lokacin da yake kallon na'urar, ban iya karanta komai ba.

Mahaifiyata ba ta sani ba tukuna. Ta tambayi abin da keken ɗan wanta yake yi a zaurenmu, na ce na ci shi a caca, ta ce Allah ya shirye mu mu duka biyu. An ba wani ma'aikaci aikin duba bututun. Bunsuru yana ɗakinsa, an hana shi hawa da ɗaukar nauyi. Kullum da safe yakan kira ni ya tambaya ko an ɗauke ni aiki cikin dare, ni kuma in tambaye shi ko ya yi wanka a wannan watan. Ba ya cewa komai game da yatsun, ni ma ba na tambaya. Ina dai kasa kunne in ji ko harshensa ya fara nauyi, kuma na san ya san abin da nake saurare.

Sun ce sai babban likitan jijiya ya ga sakamakon, kuma ba kullum yake zuwa ba. Lambata muka bari, don Bunsuru ya ce tunda kayana ne ni ya kamata a kira. Har yau ba su kira ba.